Neman Tarihin Kamfanonin Haƙar Tagulla na Zambiya da Katanga: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban tarihi da na tattalin arziki kan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya idan aikin bincike ya haɗa su da kamfanonin haƙar ma'adinai. An tattara waɗanda suka fi yawan maimaituwa a nan. Misalan daga yankin tagulla ne wanda ya ratsa arewacin Zambiya ya shiga Katanga a kudancin Kwango, domin a can manyan kamfanonin tagulla na Afirka suka ci zamaninsu.

Malam, an amince da batuna, amma ban san ta inda zan fara ba. Laburare zan nufa ko intanet?

Kafin ka nufi ko'ina, zauna da takarda da biro ka rubuta salsalar kamfanin: sunan da aka yi masa rajista da shi, shekarar, garin da hedikwatarsa take, masu hannun jari mafi tsoka, da duk wani sauyin suna ko na mamallaki da ya biyo baya. Takardun kamfani kamar kayan gado suke, duk inda magada suka watsu can za ka tarar da su, kuma wanda bai san magadan ba ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Ɗauki mahaƙar Nkana da ke Kitwe. A shekarun 1930 tana hannun Rhokana Corporation, wanda ke ƙarƙashin Anglo American na Ernest Oppenheimer a Johannesburg. A 1969 Shugaba Kenneth Kaunda ya sanar cewa gwamnati za ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na mahaƙun ƙasar, sai daga 1970 mahaƙun ɓangaren Anglo American suka koma Nchanga Consolidated Copper Mines, na ɗaya ɓangaren kuma, wato na kamfanin da aka fi sani da Rhodesian Selection Trust, suka zama Roan Consolidated Mines. A 1982 aka haɗe biyun aka kira su ZCCM. Daga 1997 zuwa 2000 aka cefanar da ZCCM gunduwa-gunduwa. Rami ɗaya ne, amma duk wanda ya buga "Nkana" kawai a kundin neman takardu zai rasa mafi yawan abin da aka rubuta a kansa, don an jera fayilolin da sunan kamfanin da ke riƙe da shi a lokacin.

Su waye manyan kamfanonin, kuma ina takardunsu suke yanzu?

Uku ne ginshiƙai. A Katanga akwai Union Minière du Haut-Katanga, wanda aka kafa a 1906 da jarin Société Générale ta Beljiyam da na Tanganyika Concessions na Robert Williams, ya fara narka tagulla a 1911 a garin da yanzu ake kira Lubumbashi. Mobutu ya ƙwace kadarorinsa na Kwango a ƙarshen 1966, su ne suka zama Gécamines daga baya. Abin da ya rage a Turai ya ci gaba da rayuwa har ya sauya suna zuwa Umicore a 2001. Takardun hedikwata suna gidan adana takardun tarihi na ƙasar Beljiyam a Brussels, a reshen da ake kira Joseph Cuvelier, wanda aka ware wa takardun kamfanoni da makamantansu. Na wurin aiki kuwa, wato na asibiti da ɗaukar ma'aikata da unguwannin leburori, yawanci a Katanga aka bar su a hannun Gécamines.

A Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya kafin 1964, akwai Anglo American mai Nkana da Nchanga da Bancroft, sai Rhodesian Selection Trust na Chester Beatty mai Roan Antelope a Luanshya da Mufulira, wanda jarin American Metal Company na New York ya yi rinjaye a cikinsa. Babban sa'ar mai bincike a nan ita ce gidan ajiyar takardun ZCCM a Ndola, inda takardun ɓangarorin biyu suka haɗu bayan gwamnati ta karɓi mahaƙun. Takardun Selection Trust na Landan suna laburaren London School of Economics. Na Ronald Prain, wanda ya daɗe yana shugabantar Rhodesian Selection Trust, suna American Heritage Center a Jami'ar Wyoming ta Amurka. Ka ga ke nan labarin gari ɗaya kamar Luanshya ya rarrabu tsakanin nahiyoyi uku.

Wani abin da ke ɓatar da mutane: a farkon shekarun 1950 kamfanonin Rodeshiya sun ɗauke mazauninsu daga Landan zuwa Rodeshiya saboda haraji, kuma daga 1953 zuwa 1963 ƙasar tana cikin tarayyar da babban birninta yake Salisbury, wato Harare ta yau. Don haka wasu takardun gwamnati na wannan shekaru goman suna Zimbabuwe.

Idan ƙaramin kamfani ne da ya mutu tun da daɗewa fa?

Waɗannan su suka fi yawa, kuma akasarinsu ba su bar komai nasu na kansu ba. Sai dai ka bi sawunsu a wurin waɗanda suka yi musu rajista ko suka sa musu ido. Idan a Ingila aka yi rajistar, duba rukunin BT 31 a gidan takardun ƙasa na Kew, inda fayilolin kamfanonin da aka rushe suke, amma ka sani ba duka aka ajiye ba, an zaɓi wasu ne aka lalata sauran. Jaridar gwamnati ta London Gazette kan buga sanarwar rushe kamfani, kuma ana karanta ta kyauta a intanet. Laburaren Guildhall a Landan na da tarin rahotannin shekara na kamfanonin da aka yi cinikin hannun jarinsu a kasuwar Landan daga 1880 zuwa 1965. Sannan akwai kundayen shekara-shekara na masu zuba jari, irin su Mining Year Book na Skinner da Copper Handbook da Horace Stevens ya fara fitarwa a Amurka a farkon ƙarni na 20. Rabin shafi kawai za su ba ka, amma rabin shafin na ɗauke da sunayen daraktoci da adadin jari da adireshi, kuma sunan darakta ɗaya kan kai ka ga wani kamfanin da takardunsa suka tsira.

Na samu rahotannin shekara na kamfanin har na shekaru ashirin. Ba su isa ba?

Sun isa ka san abin da daraktoci suke so masu hannun jari su ji. Don alƙaluman abin da aka haƙo da ribar da aka raba suna da amfani ƙwarai, tun da akwai masu binciken kuɗi a kansu. Amma yajin aikin da ya girgiza gari sai ka tarar an sallame shi da layi biyu. Abin da ya fi rahoton shekara daraja shi ne wasiƙun da ke kai da komo tsakanin babban manajan mahaƙa da hedikwata, da rahotannin wata-wata na manajan unguwar leburori, da na likitan kamfani. Waɗannan ba a rubuta su don jama'a su gani ba, saboda haka a cikinsu ne ake faɗin yawan waɗanda suka gudu daga aiki, da nawa abincin lebura ɗaya yake ci wa kamfani, da wanda ake zargi da zuga mutane.

Mujallun kamfani, irin su Horizon ta Rhodesian Selection Trust da Mwana Shaba da Union Minière ke buga wa ma'aikatansa baƙaƙe, talla ce tsagwaronta. Duk da haka kada ka raina su. Hotunan gidaje da makarantu da kulob-kulob na ƙwallo da ke ciki na nuna irin rayuwar da kamfani ke son a ce ya samar, kuma idan ka ajiye su gefe da koke-koken ƙungiyar ƙwadago na wannan shekarar, tazarar da ke tsakani kanta abin rubutu ce.

Takardun gwamnatin mulkin mallaka fa, me zan samu a ciki?

Da yawa, domin kamfani da gwamnati ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba, kuma inda suka saɓa nan ake samun magana. A Kew, rukunin CO 795 shi ne wasiƙun Ofishin Mulkin Mallaka kan Rodeshiya ta Arewa. Idan aka kawo maka fayil, kada ka yi saurin tsallake shafukan farko zuwa ga wasiƙar gwamna. A waɗannan shafukan ne jami'ai ke rubuta ra'ayinsu da hannu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba, kowa ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Wani lokaci ƙaramin jami'i ya cika shafi guda yana nuna damuwa kan albashin leburori, na sama da shi ya rufe zancen da kalmomi huɗu. Wasiƙar da aka aika a hukumance ba za ta nuna maka wannan ba.

Batun haƙƙin mallakar ma'adinai ma a nan yake. British South Africa Company na Cecil Rhodes ya miƙa mulkin ƙasar ga gwamnatin Birtaniya a 1924, amma ya riƙe haƙƙin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, yana karɓar kaso daga kowane tan na tagulla har zuwa jajibirin samun 'yanci a Oktoban 1964, lokacin da aka sallame shi da fam miliyan 4, rabi daga Birtaniya rabi daga Zambiya. Wanda ya karanta takardun kamfanonin haƙa kaɗai ba zai ga wannan kafar da kuɗi ke zurarewa ta cikinta ba.

Akwai kuma rukunin FCO 141, takardun da Turawa suka kwashe a ɓoye daga ƙasashen da suka mulka, waɗanda sai a 2012 da 2013 aka fara buɗe su bayan ƙarar da tsoffin fursunonin Mau Mau na Kenya suka shigar. Wasu takardun an ƙone su tun a lokacin. Idan ka ga giɓi a jerin fayiloli, rubuta shi a bincikenka a matsayin giɓi. Na cikin gida, kamar rahotannin sashen ƙwadago da na gundumomi, suna gidan takardun ƙasa a Lusaka.

Duk waɗannan Turawa ne suka rubuta. Ina zan ji muryar waɗanda suka shiga ramin?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma ita ce ta fi cin lokaci.

Fara da hukumomin bincike da aka kafa bayan tarzoma. A 1935 leburori sun yi yajin aiki a Mufulira da Nkana da Luanshya bayan an ƙara musu haraji, aka harbe mutum 6 a Roan Antelope, aka kafa hukumar Russell. A 1940, bayan ma'aikata fararen fata sun yi nasu yajin sun samu ƙari, baƙaƙe suka bi sahu, mutum 17 suka rasa rayukansu a Nkana, aka kafa hukumar Forster. Rahoton ƙarshe na irin wannan hukuma ra'ayin masu mulki ne. Abin nema shi ne kundin shaidun da aka saurara, inda lebura ko magatakarda ke bayani da bakinsa, ko da yake ta hannun tafinta ne kuma a gaban mutanen da za su iya korarsa gobe. Ka riƙa tuna wannan yayin karatu. A Katanga, harbin masu yajin aiki a filin ƙwallo na Élisabethville, wato Lubumbashi ta yau, ranar 9 ga Disamban 1941 misali ne na inda adadin matattu da hukuma ta bayar da wanda mutanen gari suka riƙe suka yi hannun riga. Kawo duka biyun, ka faɗi wanda ya faɗi kowanne.

Na biyu, takardun ƙungiyar ƙwadago. An kafa ƙungiyar mahaƙa baƙaƙe a 1949 ƙarƙashin Lawrence Katilungu, kuma magajiyarta na da hedikwata a Kitwe a ginin da aka sa wa sunansa. An ɗauki hotunan tarin takardunta da haɗin gwiwar cibiyar nazarin tarihin zamantakewa ta Amsterdam.

Na uku, katunan ma'aikata. Kati guda kan ɗauki lamba, da suna yadda magatakarda ya ji shi, da ƙabila, da sunan sarki da ƙauye da gunduma, da ranar ɗauka, da irin aiki, da albashi, wanda a Rodeshiya ake lissafa shi da tikiti na kwanakin aiki talatin. Kati ɗaya ba ya cewa komai. Ɗari biyar kuwa za su nuna maka daga ina mutane ke zuwa, tsawon zaman da suke yi, da ko suna komawa gida ko sun zama 'yan gari. Wannan na da muhimmanci domin tun ƙarshen shekarun 1920 Union Minière ya ɗauki manufar zaunar da ma'aikata da iyalansu na dindindin, yana ɗauko su daga Kasai da Ruwanda da Burundi, alhali gwamnatin Rodeshiya ta daɗe tana kallon lebura a matsayin baƙon da zai koma ƙauye.

Sai masana halayyar al'umma na cibiyar Rhodes-Livingstone, irin su A. L. Epstein da J. Clyde Mitchell, da Ba'amurkiya Hortense Powdermaker, waɗanda suka zauna a Luanshya a shekarun 1950. Yawancin hirarrakin mataimakansu 'yan ƙasa ne suka yi su. Daga ƙarshe akwai tsofaffin ma'aikata da ke raye, waɗanda suka ga zamanin ZCCM da rushewarsa, wasu ma sun tuna ruftawar ramin Mufulira ta Satumban 1970 da ta ci mutum 89. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma nemi izini a rubuce kafin ka naɗi murya, kuma ka tambayi matan gidan su ma, don su suka san abin da albashin ke iya saya.

Littattafan da kamfanoni suka ɗauki nauyi duk suna farawa da Baturen da ya "gano" tagullar. In yarda?

Labarin da ya fi shahara shi ne na William Collier, wanda aka ce a 1902 ya harbi wata dabbar dawa a bakin kogin Luanshya ta faɗi a kan dutse mai koren tagulla, daga nan mahaƙar ta samu sunan Roan Antelope, wato sunan dabbar da Turanci. Rubuta shi a matsayin labarin da kamfani ke ba da kansa. Mutanen yankin sun yi ɗaruruwan shekaru suna haƙar tagulla suna narka ta, a Kansanshi da wurare da dama na Katanga, har suna zuba ta da siffar gicciye suna ciniki da ita a madadin kuɗi. Masu neman ma'adinai na farko tsoffin ramuka suka riƙa bi. Don wannan zamanin, rahotannin masu tonon kayan tarihi da tarin gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam sun fi takardun kowane kamfani amfani.

Alƙaluman da na tattara daga wurare biyu sun ƙi haɗuwa. Wa ya yi kuskure?

Wataƙila babu. Duba irin tan ɗin: na Ingila kilo 1,016 ne, na Amurka kilo 907, na Beljiyam da Kwango kilo 1,000. Duba ko shekarar kuɗi ta kamfani ake nufi ko ta kalanda. Duba ko dutsen da aka haƙo ake ƙirgawa ko tagullar da aka tace. A kuɗi kuma, Zambiya ta bar fam ta koma kwacha a 1968, kwacha biyu a fam ɗaya, Kwango ta sauya nata kuɗin a 1967.

Sai na iya Faransanci?

Idan Katanga ce batunka, babu makawa. Ka kuma riƙe tsoffin sunayen garuruwa: Élisabethville ita ce Lubumbashi, Jadotville ita ce Likasi, Bancroft ita ce Chililabombwe, lardin Katanga kansa an kira shi Shaba daga farkon shekarun 1970 har zuwa 1997. Don hira da mutane kana buƙatar Bemba a Zambiya, Suwahili a Katanga, ko amintaccen tafinta.

Ina Kano nake, ko Zinder, ba ni da kuɗin jirgi zuwa Landan ko Ndola. In sauya batu?

Rage faɗinsa dai ya yi daidai da abin da hannunka zai kai. Tsoffin kundayen masu zuba jari da mujallu irin su Engineering and Mining Journal suna Internet Archive. Muhawarar majalisar Birtaniya tana intanet kyauta, haka jerin takardun hulɗar wajen Amurka, waɗanda ke da abubuwa da yawa kan ɓallewar Katanga ta 1960 zuwa 1963 da rawar da kuɗin Union Minière ya taka a ciki. Bankin Duniya ya buɗe rahotanninsa kan ZCCM da cefanar da shi. Shirin ceto takardun tarihi na Laburaren Birtaniya ya ɗauki hotunan takardun jam'iyyar UNIP ta Kaunda. Kundin neman takardu na Kew kowa na iya bincika shi daga gida, ya fitar da lambobin fayil, sannan ya biya a yi masa kwafin 'yan kaɗan da suka fi muhimmanci. Da waɗannan za a iya rubuta digiri na biyu mai kyau kan siyasar karɓe mahaƙu ko kan farashin tagulla. Rayuwar yau da kullum a unguwar leburori kam sai an je.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan batu da ƙasarmu?

Akwai biyu. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda a 1353, ya bayyana yadda ake haƙar tagulla ana zuba ta sanduna-sanduna ana sayayya da su, ya kuma ce ana kai ta Gobir da Borno. Masu tonon tarihi na danganta wurin da Azelik a yankin Agadas. Wannan ciniki ne na fatake, ba na kamfani ba, madogararsa littattafan Larabci ne da abin da aka tono.

Ta biyu ita ce kuzar Jos. Tsarin takardun iri ɗaya ne: kamfanoni masu rajista a Landan kamar Amalgamated Tin Mines of Nigeria, da wasiƙun Ofishin Mulkin Mallaka, da fayilolin lardin Filato a gidan takardun ƙasa na Kaduna, har da na aikin tilas da aka ɗora wa talakawan Arewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗalibin da ya goge hannunsa da fayilolin Kaduna ba zai ji baƙunta a Lusaka ba, kuma kwatanta Jos da Kitwe batu ne mai kyau ga wanda ke iya zuwa ɗaya daga cikinsu kawai.

Idan kamfanin na Amurka ne ko Chile?

Hanyar ba ta sauya ba. Takardun Anaconda sun rabu tsakanin ƙungiyar tarihi ta jihar Montana da Jami'ar Wyoming, wadda ke riƙe da na binciken duwatsu. Na Calumet and Hecla suna jami'ar fasaha ta Michigan. Chile ta karɓe mahaƙun Chuquicamata da El Teniente daga Anaconda da Kennecott a 1971 zamanin Salvador Allende, don haka abin da ya biyo baya sai a nemi Codelco, kamfanin tagulla na gwamnatin Chile.

Me zan rubuta wa gidan ajiyar takardu kafin in tafi?

Gajeriyar wasiƙa: sunanka da jami'arka, batunka a jimla biyu, shekarun da kake nema, duk sunayen da kamfanin ya taɓa amsawa, da lambobin fayil idan ka same su. Tambayi ranakun da suke buɗewa, ko ana barin ɗaukar hoto da waya da nawa ake biya, fayil nawa ake fitarwa a yini, da ko akwai waɗanda aka rufe saboda bayanan lafiya ko sirrin ma'aikata. Zambiya da Kwango kan buƙaci takardar gabatarwa daga jami'a, wani lokaci da izinin bincike, kuma samun su na iya ɗaukar watanni, don haka fara nema tun kafin ka sayi tikiti. Idan ka isa, ɗauki hoton bangon kowane fayil da lambarsa kafin shafukan ciki, don bayan wata shida hotuna dubu uku marasa lamba ba za su shiga bayanin madogara ba.